Gidajen kula da tsofaffi: zama tsakanin iyali da ma'aikata

A garin Sanyinna da ke ƙaramar hukumar Tambuwal, da sauran garuruwan kudancin jihar Sakkwato har zuwa ƙasar Kebbe, tsoho a gidansa yake tsufa, a nan kuma ake jinyarsa har rai ya yi halinsa. Maganar a ɗauki mahaifi a kai shi wani gida na daban, inda bare za su riƙa yi masa hidima ana biyansu, magana ce da akasarin jama'a ke ɗauka a matsayin abin kunya. Wasu ma cewa suke yi neman tsinuwa ne.

To sai dai a ƙasashen da irin waɗannan gidaje suka yawaita, an gano cewa kai tsoho can ba ya sauke wa iyalinsa nauyin da ke kansu. Abin da ke sauyawa shi ne, hidimar da a da take hannun dangi kaɗai, yanzu an raba ta da wasu mutanen da ba su san tsohon ba. Jin daɗinsa ko wahalarsa kuwa ta rataya ne a kan yadda waɗannan ɓangarori biyu suke zaune da juna. Wannan rabon aiki ya riga ya iso ƙasar Hausa ta wasu ƙofofi, ko da yake ba a kiransa da wannan suna.

Mene ne gidan kula da tsofaffi?

Wuri ne da tsofaffin da ba sa iya yi wa kansu hidimar yau da kullum suke zama dindindin, ma'aikata suna kula da su dare da rana: wanka, sutura, ciyarwa, kai su bayan gida da ba su magani a kan lokaci. Ya bambanta da asibiti, domin ba a zuwa da niyyar a warke a koma gida. Mafi yawan waɗanda ake kaiwa suna fama ne da shanyewar ɓarin jiki, ko karayar ƙugu, ko kuma gigin tsufa, wato ciwon mantuwar da kan kai mutum ga kasa gane 'ya'yan cikinsa.

A Amurka akwai irin waɗannan gidaje kimanin dubu 15, da ke ɗauke da mutane fiye da miliyan ɗaya. Jamus ta kafa inshorar dole ta kula da gajiyayyu a 1995, Japan kuma ta bi sahu a shekara ta 2000. Amma kuskure ne a ɗauka cewa Turawa duk can suke kai iyayensu. A Jamus ɗin, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu buƙatar kulawa a gida ake jinyarsu, akasari a hannun matan aure da 'ya'ya mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu shekaru 60 zuwa sama sun kai biliyan ɗaya a duniya, kuma za su kai biliyan 2.1 kafin 2050. A Najeriya ba su wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na al'umma ba, amma saboda yawan jama'ar ƙasar, wannan kaso ya haura mutane miliyan goma.

Gandu, cin rani da matar ɗa

Abin da ya tsare wa tsoho mutuncinsa a karkarar Hausa shi ne gandu. Uba ne mai gona, 'ya'yansa maza suna yi masa noma har bayan sun yi aure, ana ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa a lokacin da aka ware masa. Muddin gona da rumbu suna hannun uba, to tsufansa ba ya mayar da shi mai roƙo a cikin gidansa. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi nazarin garin Batagarawa kusa da Katsina, ta yi cikakken bayanin wannan tsari a littafin da ta wallafa a 1972, ta kuma nuna cewa gidajen matalauta ne gandunsu ya fi saurin watsewa.

Fitar matasa neman kuɗi ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Ƙidayar da aka yi a kan hanyoyin fita daga lardin a ranin 1952 zuwa 1953, wadda masanin nan Mansell Prothero ya yi nazari a kanta, ta nuna cewa maza fiye da dubu 250 ne suka fita a wannan rani kaɗai. Bambancin shi ne, ɗan cin rani na wancan zamani yakan dawo da faɗuwar ruwan farko. Na yanzu sau da yawa yakan zauna ne a Legas ko Abuja ko Fatakwal, ya aiko da kuɗi ta waya, ya zo da Sallah. Kuɗi kuwa suna sayen magani, amma ba sa juya mara lafiya a kan shimfiɗa da tsakar dare.

Wanda ke yin wannan aiki, a mafi yawan gidaje, mace ce. Idan tsoho ne, matarsa ce, musamman ƙaramar cikinsu idan yana da fiye da ɗaya. Idan tsohuwa ce, to ko dai 'yarta da aure ya mutu ta dawo gida, ko jikar da aka ba ta riƙo, ko kuma matar ɗanta. A nan ne ake samun abin da ya fi kama da zaman iyali da ma'aikata. Matar ɗa ba jinin tsohuwar ba ce. Akwai kunya tsakaninsu, wani lokaci akwai tsohon sabani. Ita ce take dama kunu, ta wanke shimfiɗa, ta kwana da ido biyu, alhali 'ya'yan tsohuwar mata suna gidajen aurensu. Ranar da suka zo dubiya kuma, su ne masu cewa Inna ta rame, ko zanenta bai fita ba. Duk wanda ya taɓa zama a babban gida ya san inda irin wannan magana take ƙarewa.

Iyalai masu hali a birane sun fara ɗaukar mace mai aiki, ko wani ma'aikacin jinya da ke zuwa gida yana duba hawan jini da ciwon suga. Sannan ga asibiti. Tsohon da aka ɗauko daga Sanyinna zuwa babban asibitin Tambuwal, ko aka wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ba ya tafiya shi kaɗai. Kamar yadda aka saba a asibitocin Najeriya, 'yan jinya ne daga cikin dangi suke kawo abinci, su yi wanka da wanki, su sayo magani, ma'aikata kuma su riƙe allura da ƙarin ruwa da awon jini. Kowane ɓangare yana buƙatar ɗan'uwansa, kowanne kuma yana da ƙorafi a kan ɗan'uwansa.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi gabashin jihar tun daga 2018, a yankunan Rabah da Isa da Sabon Birni, sun tashi ƙauyuka da dama, kuma tsohon da aka raba da gonarsa an raba shi da abin da yake riƙe 'ya'yansa da shi.

Abin da malaman fiƙihu suka ce

Alƙur'ani mai girma, a ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i, ya haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah da bauta, ya ambaci lokacin tsufansu musamman, ya kuma hana ko da nuna musu ƙosawa da baki. Wannan shi ne tushen ƙyamar da Musulmi ke yi wa duk abin da ya yi kama da yasar da mahaifi.

Amma littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Sakkwato sun shiga filla-filla fiye da yadda mutane da yawa suke zato. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali. An kuma ambaci cewa wannan wajibi ya haɗa da ɗaukar nauyin hadimin da ke yi wa iyayen hidima. Ke nan malamai sun daɗe da sanin cewa wani bare yana iya yin aikin hannu, ɗa kuma ya biya. Littafin ya kawo maganganu uku a kan yadda za a raba nauyin idan 'ya'yan suna da yawa: ko daidai wa daida, ko gwargwadon rabon gado, ko kuma gwargwadon wadatar kowa. Har ila yau, malamai sun bayyana cewa hidimar da mace take yi wa iyayen mijinta kyautatawa ce daga gare ta. Wajibin yana kan 'ya'yansu.

Gina wa marasa galihu matsuguni ma yana da asali a tarihin Musulmi. A birnin Santambul akwai Darul Ajaza, wanda aka buɗe a 1896 zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu, yana kuma aiki har yau, da masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa a harabarsa.

Gidan da babu mai zuwa dubiya

Irin waɗannan gidaje kaɗan ne a Najeriya, mafi yawansu kuma a kudu suke. Akwai na gwamnatin jihar Legas a unguwar Yaba, akwai waɗanda cocin Katolika ke gudanarwa a Mushin da Inugu, sai kuma masu zaman kansu da suka fara bayyana a Legas da Ibadan da Abuja domin iyayen waɗanda ke aiki a ƙasashen waje. A Arewa, wanda aka fi sani shi ne Gidan Gajiyayyu na Shahuci a cikin birnin Kano, wanda ke ƙarƙashin gwamnatin jihar, masu hannu da shuni da ƙungiyoyi kuma sukan kai gudummawa, musamman da azumi da lokacin Sallah.

Sunan kansa ya faɗi yadda Bahaushe yake kallon wurin. Ba a ce gidan tsofaffi ba, an ce na gajiyayyu. Akasarin mazauna irin wannan gida mutane ne da ba su da kowa, ko waɗanda aka rasa inda danginsu suke. Saboda haka matsalar da ake kuka da ita a Turai, ta yawan katsalandan ɗin iyali, a nan akasinta ake gani. Babu mai zuwa ya faɗa wa ma'aikaci cewa wannan baiwar Allah ba ta shan koko sai da tsamiya, ko cewa wannan dattijo ya yi shekaru yana limanci, don haka a kira shi Malam. Babu kuma mai tambaya idan an ga rauni a jikinsa. Wannan ne ya sa mutane suke ganin kai mahaifi can tamkar shelanta wa duniya ne cewa bai haifu ba.

Ko a Turai, Musulmi ba su saki jiki da tsarin ba. A ƙarshen 2006 an buɗe wani gida a unguwar Kreuzberg ta birnin Berlin musamman domin tsofaffin Turkawa, da wurin salla da abincin halal da ma'aikata masu jin Turkanci. Duk da haka ya sha wahalar samun masu cika gadajensa.

Inda sabani yake tasowa

Binciken da aka fi ambata a wannan fanni shi ne na Barbara Bowers, malamar aikin jinya a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, wanda aka wallafa a 1988. Ta tattauna da dangin tsofaffin da ke zaune a gidan kulawa, ta gano cewa ma'aunin da iyali suke auna aiki da shi ya bambanta da na ma'aikata. Ma'aikaci yana ganin ya yi aikinsa idan an ba da magani, an yi wanka, an ci abinci. Iyali kuwa suna duba ko an bar wa tsohon mutuncinsa: yadda aka sa masa tufafi, yadda aka yi masa magana, ko an bar shi ya zaɓi abin da yake iya zaɓa. Dangin suna ganin aikinsu ne su koya wa ma'aikata ko wane ne wannan mutum kafin ciwo ya kwantar da shi.

Idan aka kawo wannan ma'auni ƙasar Hausa, abubuwan da za a duba a bayyane suke. Wa zai yi wa tsohuwa wanka, mace ko namiji? Wa zai taimaka wa dattijo ya yi alwala, ko ya miƙa masa abin taimama idan ruwa zai cutar da shi, ya kuma juya shi ya fuskanci alƙibla? Mutumin da ya shekara saba'in ana kiransa Baba ko Alhaji, ana durƙusa masa, ba ƙaramin abu ba ne yarinya sa'ar jikarsa ta kira shi da sunan yanka, ko ta ambace shi da lambar gado. Likita zai hana goro da gishiri da sukari, 'ya kuma ta ɓoyo fura mai zaƙi a cikin mayafi, domin ta san ita kaɗai ce mahaifinta yake iya sha. Haka nan rubutu da tofi da maganin gargajiya: iyali suna ganin neman sauƙi ne, ma'aikaci yana tsoron abin da zai haɗu da maganin asibiti a cikin ƙodar da ta riga ta gaji.

Su ma ma'aikatan suna da nasu kukan, kuma gaskiya ne. Aiki ne mai nauyi, albashinsa kaɗan, akasarin masu yinsa mata ne, a Turai da Amurka kuma da yawansu baƙi ne daga wasu ƙasashe, har da 'yan Najeriya da Ghana. Ma'aikaciya ɗaya tana iya kula da tsofaffi da dama a dare guda. Mai gigin tsufa yana iya zaginta ko ya kai mata duka, ko ya ce ta sace masa kuɗi, iyalinsa kuma su gaskata shi. Sau da yawa ɗan da ya fi kowa faɗa shi ne wanda ya fi kowa daɗewa bai zo ba, domin zuciyarsa tana zarginsa, sai ya sauke abin a kan wanda ya tarar. Yawan barin aiki ma yana ɓata zumunci: kafin iyali su saba da ma'aikaciya har su amince da ita, ta tafi, sai a sake bayani daga farko.

Karl Pillemer na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun gwada wani shiri a gidaje 20 a jihar New York, suka wallafa sakamakon a 2003. Sun horar da iyalai daban, ma'aikata daban, a kan sauraro da yadda ake kai ƙorafi ba tare da cin fuska ba, daga bisani suka haɗa su da shugabannin gidajen a zama ɗaya. An samu kyautatuwar kallon da ɓangarorin biyu ke yi wa juna, rigima ta ragu tsakanin ma'aikata da iyalan masu gigin tsufa, ma'aikata kuma suka rage tunanin barin aiki. Abin lura shi ne, ba gini aka ƙara ba, ba kuma na'ura aka sayo ba.

Annobar korona ce ta fito da girman aikin da iyali suke yi a ɓoye. A watan Maris na 2020 hukumomin Amurka sun hana kai ziyara gidajen tsofaffi, ƙasashen Turai da dama ma suka yi haka. An yi hakan ne domin kare rayuka, kasancewar cutar ta yi mummunar ɓarna a waɗannan gidaje. Amma sai aka ga tsofaffi suna ramewa suna daina magana, domin ashe 'yar da ke zuwa kullum da yamma ita ce take zama ta ba mahaifiyarta abinci a baki har ta ƙoshi. Wasu sun rasu ba tare da ganin kowa nasu ba. Bayan koke-koken iyalai, a 2024 Ingila ta sanya bai wa mazauna gidajen damar karɓar baƙi cikin sharuɗɗan da doka ta wajabta.

Doka da hukumomi

Wasu ƙasashen sun zaɓi su tilasta wa 'ya'ya. Singapore ta yi dokar ciyar da iyaye a 1995, Indiya ta yi tata a 2007, China kuma a 2013 ta wajabta wa 'ya'ya kai wa iyayensu ziyara a kai a kai. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi a 2016.

A Najeriya, an buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi ta Cif Tony Anenih a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 2012. Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Jihar Ekiti ta taɓa gwada biyan tsofaffi marasa ƙarfi Naira dubu 5 a wata daga 2011.

A Sakkwato, gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko da ta hau mulki a 2007 ta fara biyan masu naƙasa Naira 6,500 a wata, kuma tsofaffin makafi da kutare suna cikin waɗanda suka amfana. A 2016, zamanin Aminu Waziri Tambuwal, aka ɗaga kwamitin zakka da waƙafi na jihar zuwa cikakkiyar hukuma, wadda ke aiki ta hannun kwamitoci a gundumomin hakimai, tana raba hatsi da taimakon magani ga mabuƙata. Duk waɗannan taimako ne da ke samun tsoho a cikin gidansa, a hannun danginsa.

Dokokin fansho na 2004 da 2014 kuwa sun fi shafar masu aikin albashi ne. Ƙidayar 2006 ta nuna mutane fiye da dubu 220 a ƙaramar hukumar Tambuwal, da fiye da dubu 120 a Kebbe, mafi yawansu manoma da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i da ba su taɓa shiga tsarin fansho ba. Idan ɗayansu ya kwanta, kuɗin magani da na motar zuwa Sakkwato da ɗan abin da za a ba mai taya jinya suna fitowa ne daga rumbu, ko daga akuyar da aka kai kasuwa, ko daga aljihun ɗan da ke ci-rani.